Tafintan da Ya Tsaya a Harafin A

Wata uku na yi ina haddar ƙamus na Turanci a jere, kamar mai tilawa. Na gama kalmomin da suka fara da harafin A da ma'anoninsu, har na soma tausayin waɗanda ba su san su ba.

Sai wani injiniya ɗan kudu ya zo Makera yi wa manoman rani bayani kan ruwan madatsar Zobe. Surukina, wanda ya daɗe yana shakkar karatuna, ya ce, "Malam, ga ranarka."

Na gyara hula na tsaya kusa da baƙo. Ya yi magana mai tsawo da Turanci, ina jiran kalmomina. Biyu suka zo, ba su kuma san juna ba.

"Me ya ce?" in ji surukina.

"Baba, yana gaishe ku. Ya ce ruwa abu ne mai muhimmanci."

Injiniya ya yi gyaran murya, ya ce da Hausa garau, "Alhaji, ranar Laraba za a rufe ruwa, kowa ya shayar da gonarsa. Na ga an tsayar da tafinta ne, na ce kada in hana shi aikinsa."

Surukina bai taɓa tayar da maganar ba. Ƙannen matata kuwa, har yau da mun gaisa sai su tambaya a natse: "Yaya, an shiga B kuwa?"