Ranar da na kwance wa motar Kawu dabaibayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ƙanwata Hadiza ɗakin miji ba, kuma ko na so mantawa dangi ba za su bari ba.

Sana'ata gyaran waya ce a Ƙanƙara, amma a lokacin kaina ya kumbura. Na sayi tsohuwar kwamfuta da wata igiya da ake jona wa mota, na kalli bidiyo uku (na ukun ma data ta ƙare a tsakiya), na fara ce wa mutane ni injiniyan ƙwaƙwalwar mota ne.

Kawu Sale, ƙanin mahaifiyarmu, yana da tsohuwar mota 'yar Kwatano da yake jigila da ita tsakanin Faskari da Sabuwa. Ita aka tsayar za ta kai amarya Faskari. Ana jibi biki ya yi ƙorafi cewa in ya taka totur sosai zai wuce tirela, sai injin ya riƙa yankewa.

Na ce, "Kawu, dabaibayi aka yi mata tun daga Turai. Akwai lambar da ke hana inji wuce iyaka. Bari in kwance ta."

Ya ce, "Ka iya dai ko?"

Na ce kamar shan ruwa.

Da na jona kwamfuta sai ga lambobi birjik, babu wadda aka rubuta wa suna. Na wuni ina lalube, ina gwadawa da wani hoto da na samo a intanet, har Allah ya sa na gano wurin. Kuma wallahi wurin ne! Na ninka lambar sau huɗu don kada Kawu ya ce na yi rowa, na danna a kan ta asali ban ajiye kwafi ba. Mota ta tashi lafiya lau, Kawu ya ajiye ta sai ranar kai amarya. Ko zagaye ɗaya ban yi da ita ba, na tafi shan shayi ina baza labari.

Ranar kai amarya muka tashi bayan la'asar, kowa kuma ya san ba a yarda rana ta faɗi ana kan hanyar nan. Sauran motoci suka yi gaba. Kawu na tuƙi, ina gefensa ina hura hanci, amarya na baya tsakanin Gwaggo Rabi da wata tsohuwa.

Muna fita gari Kawu ya taka. Mota ta yi tari, ta zabura, ta noƙe. Da allurar gudu ta ɗan ɗaga sai inji ya yanke. Haka muka riƙa rarrafe har wani mai keke ɗauke da damin kara ya wuce mu, ya ce sannunku da hanya. Hadiza da ta fito da kukan amare na al'ada ta koma yin na gaske.

Kawu ya tsaya ya dube ni. "Mi ka yi ma motata? Maida ta yadda take."

Na ce, "Kawu, ta asalin... babu."

Gwaggo Rabi ta leƙo. "Injiniya, ko ka sauko ka goya ta? Ai za ka hi motar sauri."

Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya fi kunyar, don rana ta yi ja. A ƙarshe a bayan wata akori-kura da muka tare a hanya, kan buhunan waken suya, ƙanwata ta shiga Faskari daf da magariba, lalle da leshi da komai, dangin ango na tsaye suna kallo.

Wani makanike a Funtuwa ne ya gyara. Ya ce lambar ba juyin inji take ƙirgawa ba, lokacin da ke tsakanin juyi da juyi ne, don haka duk ƙarin da na yi ragi ne. Ya tambayi Kawu wane maƙiyi ne ya yi masa haka.

Na dai koyi cewa ilimin bidiyo a kan kayanka ake gwada shi, ba a kan motar amarya ba. Hadiza ta haihu uku yanzu, kuma a kowane suna aikin da ake ba ni shi ne jera kujeru.