Mai Girma Ba Ya Saki

Ranar Asabar da ta wuce na dawo gida Setapak, nan Malesiya, da wando a jiƙe har cinya, takalmina ɗaya ya tsinke, motata kuma tana ƙarnin kifi tun daga bakin get. Matata Ɗelu ta tare ni a ƙofa, ta toshe hanci, ta ce, "Baban Fatiha, kai da ka ce rakiyar manyan baƙi za ka, ina ka kwaso wannan warin?" Na ce mata ai warin manyan baƙin ne. Ta ce in yi wanka tukuna, bayani ya biyo baya. To, na yi wankan. Ga bayanin, ku ma ku sha labari.

Ina da maƙwabci, ƙofarmu na kallon tasa, sunansa Alkasim. Ɗan Yawuri ne, ɗan masunta gaba da baya, kuma digirin digirgir yake yi a kan kifi. Na san wasunku sun fara murmushi. Ni ma na yi dariyar a farko, har na tambaye shi ko za a riƙa kiran sa Daktan Tarwaɗa. Amma da na zauna da shi sai na ga aikin ba wasa ba ne.

Can bayan gari akwai wani tafki a gindin wata tashar wutar lantarki. Tashar tana jan ruwan tafkin ta sanyaya injinanta, sannan ta maido shi da ɗumi ta wata kusurwa. A tafkin akwai kifin da ake kira bas, mutanen nan kuma suna ce masa ikan raja, wato sarkin kifi. Waɗanda ke zaune a kusurwar ɗumin sukan riga sauran yin ƙwai. Mace da namiji za su share wuri a ƙasan ruwa, ta zuba ƙwai, su tsaya gadi tare har a ƙyanƙyashe. Aikin Alkasim shi ne ya bi wannan gadin da ido da kyamara daga farko har ƙarshe. Shekarar farko ambaliya ta share masa wurin. Ta biyu kyamarar ta sha ruwa. Bana malamarsa, wata farfesa 'yar ƙasar nan mai magana ɗaya, ta ce masa wannan ne zagaye na ƙarshe, ga shi kuma izinin zamansa ya kusa ƙarewa. A kusurwar da aka kewaye masa da igiya, kifi biyu ne kacal suka yi sheƙa. Ya sa wa macen suna Gwaggo, namijin Kawu. Mahaifinsa a Yawuri idonsa na ta raguwa, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: yana so ya ga ɗansa da hular digiri tun yana iya bambance hula da ƙwarya.

Ana cikin haka sai Allah ya jarrabe mu da tawaga.

Daga wata jiha suka zo, wadda ba zan faɗi sunanta ba saboda ina da dangi a can. Sunansu Kwamitin Koyon Ilimin Lantarki daga Ƙasashen Waje, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Shugaba, Garkuwan Masu Zama a Duhu, Allah ya ƙara masa faɗin kujera. Kuma a gaskiya sun yi karatu. Sun nazarci wutar manyan kantuna hawa-hawa, sun gwada matakala mai tafiya da kanta sama da ƙasa, sun duba hasken shagunan agogo da na turare har sai da akwatunansu suka ƙi rufuwa. Sai ana jibi za su tashi wani ya tuna ba su da hoto ko ɗaya a gaban tashar wuta. Suka nemi shiga, aka ce ai sai an nemi izini tun da wuri. Nan wani mai dogon baki ya ce akwai ɗalibinmu da ke da damar shiga tafkin da ke bayan tashar.

Mai Girma yana cikin waɗanda ke tura ɗalibai karatu waje, saboda haka "a'a" ba ta cikin kalmomin da Alkasim zai iya furtawa. Ni kuma aka ɗauko ni jagora don na daɗe a garin nan kuma ina da tsohuwar mota. A hanya Alkasim ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya Zahraddeen, don Allah ka taya ni. Su yi hotonsu su tafi. Gwaggo ta zuba ƙwai shekaranjiya, this is the critical week." Na ce ya kwantar da hankalinsa, me babban mutum mai babbar riga zai yi da kifin da ke cikin ruwa? Kun ji wautar talaka.

Mun isa da hantsi. Aka ɗora wa Mai Girma hular kwano a kan hularsa ta zanna, aka jera, aka yi hoto da hayaƙin tashar a baya. Sai ya tsuguna ya tsoma hannu a ruwa, ya ɗago da sauri.

"Ikon Allah! Ashe da ruwan zafi ake yin wuta. Sakatare, rubuta."

Sakataren tawagar wani matashi ne mai suna Abdulbasit, mai tabarau da jaka a hammata. Kwanansa kaɗan a ƙasar, amma ya riga ya naɗa kansa tafinta, don ya iya kalmomi uku na yarensu, boleh da makan da tapau. Ya rubuta.

Alkasim ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tashar ce take ɗuma ruwan, ba ruwan ne..."

"Kai ɗalibi ne ko malami?"

"Ɗalibi, ranka ya daɗe."

"To ka saurara ka ƙaru."

Da a nan aka tsaya, da na rubuta muku wani abin daban yau. Amma a gefen da aka yarda a yi kamun kifi akwai wani dattijo ɗan ƙasa, irin waɗanda ake kira Pak Cik, zaune da sandar ƙugiyarsa. A gabanmu ya jawo wani kifi mai kyau, ya cire masa ƙugiya a hankali, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. Mai Girma ya saki baki.

"Wannan bawan Allah lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, dokar wurin ce. A kama, a saki."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "A saki? Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa kama abu na saki ba."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe!" in ji tawaga baki ɗaya.

Ni ma na ce gaskiya ne, kuma har zuciyata. A duk tafiyar nan ita ce magana ɗaya da ya faɗa wadda zan iya dafa littafi a kanta. Kujera ya kama tun ina saurayi, har yau yana kai. Filin makarantar unguwarsu ya kama, yanzu gidan mai ne. Motar asibiti ma da ta bi ta ƙofar gidansa, ba a sake jin jiniyarta ba.

Ya ce a aro masa sandar dattijon. Pak Cik, mutumin kirki, ya miƙa da murmushi. Mai Girma ya dubi inda kowa yake jefa ƙugiya, bai yi masa ba. Ya hango kusurwar da aka kewaye da igiya, ya ɗaga ƙafa ya tsallake. A wurin manyanmu igiya alama ce ta inda aka ajiye abu mai kyau.

Alkasim ya sha gabansa. "Ranka ya daɗe, don girman Allah ban da nan. Ƙwai take gadi. A garinmu idan kifi ya fara ƙwai Sarkin Ruwa rufe ruwa yake yi, ko ɗan cikinsa bai isa ya jefa taru ba sai an buɗe."

"Nan Yawuri ce?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ka ga Sarkin Ruwa a nan?"

"A'a."

"To matsa. Just one cast, for the camera."

Abin da Mai Girma bai sani ba, kuma bai damu ya sani ba, shi ne kifin da ke gadin ƙwai ba ya tsayawa tunani. Duk abin da ya faɗo kusa da sheƙarsa cafka yake yi, ba don yunwa ba, don kare 'ya'ya. Ko makaho ya jefa cokali a wurin sai ya kama. Ƙugiya na taɓa ruwa Gwaggo ta yi kanta. Sanda ta lanƙwashe. Pak Cik, da yake jinin masunci ne a jikinsa, bakinsa ya riga hankalinsa, ya miƙe yana ihu: "Ikan makan! Ikan makan!"

A bakin masuntan ƙasar nan wannan na nufin kifi ya ci ƙugiya. Amma Abdulbasit ya gyara tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, ikan kifi ne, makan kuma ci. Dattijon cewa yake a ci kifin."

"Madalla da mutanen kirki," in ji Mai Girma.

Da aka jawo ta tudu, Pak Cik ya ga daga inda aka fito da ita, sai ya rikice. Ya riƙa nuna ruwa da hannu biyu yana cewa, "Lepas! Lepas!" wato a sake ta.

"Me kuma ya ce?"

"Ya ce fas, ranka ya daɗe. An ba da fas. It's approved."

Na ce, "Wallahi ba haka ya ce ba! Cewa ya yi a mayar da ita!"

Mai Girma ya dube ni sama da ƙasa. "Malam direba, sakatare ya riga ya fassara. A aikin gwamnati ba a fassara sau biyu."

Ban tsaya amsa shi ba, don Alkasim ya riga ya faɗa ruwa da kayansa, na bi shi. Muna tsaye a kan sheƙar muna kora da hannu. Kifayen karfasa ne suka taso wa ƙwan ta ko'ina, ƙanana-ƙanana, kamar kaji an watsa tsaba. Kawu shi kaɗai ya kori na dama, na hagu su shigo, ya juyo hagu, na dama su dawo. Kafin tawaga ta gama hoto da Gwaggo ɗaya bayan ɗaya, dutsen da ƙwan yake kai ya zama fes. Alkasim ya tsaya cikin ruwa yana kallon wurin. Ban taɓa ganin namiji ya yi kuka ba sauti irin na ranar ba, kuma na ji zafin abin har cikin raina.

A but ɗin motata aka sa ta, don kada motar manya ta yi ƙarni. Aka kai wani kedai, wato shagon abinci, a bakin hanya aka gasa da yaji. Mai Girma ya ci ya yi gyatsa, ya ce lallai sunan sarkin kifi ya dace da ita, ya sa aka miƙa wa Alkasim kan, wai shi ne ƙwararre. Alkasim ya tashi ya shiga masallacin wurin, bai fito ba sai da aka watse. Ragowar kuwa Abdulbasit ya ce a yi tapau, wato a ƙunshe a tafi da shi, kuma wannan karon fassararsa daidai ce.

Kada ku ce ban yaba ba. Tawagar nan ta yi abin da ambaliya ta yi a shekara guda cikin abin da bai kai shan shayi ba. Irin wannan ƙwazo ne ya kai lantarkinmu inda yake.

Ranar Litinin Alkasim ya je gaban farfesa. Ya ce ta saurare shi har ƙarshe, ta cire tabarau, ta ce, "Your big man ate my data?" Ta yi ta shiga ofis-ofis har ta samo masa ƙarin zagaye ɗaya, na ƙarshen ƙarshe. Wato wata shekarar a ɗakin haya, wata shekarar ba gida. Da ya kira Yawuri ina zaune. Tsohon ya ce, "Kifi mai gadin ƙwai? Kuma ya yi bisimilla ya ci?" Can ya ƙara da cewa, "Ba komai, Alkasim. In ban ga hular ba, na shafa ta da hannu."

Jiya da la'asar muna shan shayi a mamak, shagon mai shayi na ƙasan benenmu, wayar Alkasim ta yi ƙara. Abdulbasit ne daga gida, ya ce Mai Girma na kusa, yana ji. Wai ya ji daɗin ziyarar ƙwarai, har ya ba iyali labari. Za su dawo zagaye na biyu da tawaga mai girma, da mata da surukai, kuma tunda Alkasim ne masani, ya faɗa musu daidai lokacin da kifin zai sake ƙwai, don an lura a lokacin ya fi saurin kamuwa.

Alkasim mutum ne da ko a wasan ludo ba ya ƙarya. Ya rufe wayar da tafin hannu ya dube ni. Na ɗauke kai na kalli silin, don ni ba malami ba ne, ba na ba da fatawa. Ya mayar da wayar kunne ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba za su ƙara ƙwai ba. An ɗauke wuta a tashar. Ruwan ya huce."

Sai muryar Mai Girma da kansa, cike da farin ciki kamar an yi masa albishir da haihuwa: "Su ma? Alhamdu lillahi! Ashe ba mu kaɗai ba ne!"

Bai tambayi dalili ba. Bai tambayi yaushe za a dawo da ita ba, don a saninsa ba a dawowa da ita. Nan take aka soke tafiyar.

Saboda haka, jama'a, idan kun ji a rediyo cewa wani kwamiti ya gano Malesiya ma a duhu take kwana, ku rufa mana asiri ku ce haka ne. Wanda yake da ɗan'uwa a nan ya ja masa kunne kada ya turo hoton titi da fitila. Digirin bawan Allah ne a kan wannan duhun, kuma akwai tsoho a Yawuri da yake jira.