Ƙwai a Ƙarƙashin Dara

Ba zan taɓa mantawa da Kawu Ga-Shi-Babu ba, ko da tsufa zai kwashe ɗan abin da ya rage mini a kai. Makon jiya da aka sanar da rasuwarsa a rediyo, 'ya'yana suka yi ta kirana ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa labarin. Wannan ta tuna yadda yake zaro ƙyallaye daga kunnen yaro, wancan ya tuna tattabarar da ke fita daga hannun rigarsa a shirin yara na talabijin, lokacin da hoton baƙi da fari ne. Na saurare su duka, na yi masa addu'ar da ta dace, idona har ya kawo ruwa. Amma ni na san shi tun kafin talabijin ta shigo Arewa, kuma abin da ya haɗa ni da shi ƙwai ne. Ƙwai ɗaya tak, na kaza.

Mutumin kudu ne, Kirista, aikin jirgin ƙasa ya kawo mahaifinsa Kano aka haife shi a nan. In yana Hausa kana bayan katanga, sai ka rantse ɗan cikin birni ne. Sana'arsa wasan dabo, yana yawo makarantu a kan keke da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Zai ɗaga abu sama ya ce, "Ga shi!" Ya juya hannu ya ce, "Babu!" Daga nan yara suka laƙaba masa sunan, har na yankan ya ɓace.

Ni kuwa a lokacin, ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, sabon malamin elementare ne a Tarauni. Ina zaune gidan baffana a Gyaɗi-Gyaɗi, wanda a wancan zamani gidajensa ba su kai gonakinsa yawa ba. Shekarata ashirin da biyu, ina da alƙalami biyu a aljihun gaba (ɗaya ba ya rubutu, don kwalliya nake maƙala shi), da wata doguwar hula dara ja wadda nake ji da ita kamar me. In na kafa ta na hau hanya, gani nake duk Tarauni babu wanda ya kai ni.

Abu ɗaya ne yake hana ni sakewa. Akwai wata yarinya Hadiza, ina sonta tana sona, har baffana ya je wurin mahaifinta, Malam Inuwa, neman izini. Malam Inuwa babban manomin gyaɗa ne, dattijo mai faɗa a ji, ba ya ɓoye abin da ke ransa. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Abin da ya faɗa wa baffana shi ne, "'Yan bokon nan wuyansu ba ya lanƙwasuwa. Bari in ga yaron da idona tukuna." Tun daga ranar nake atisayen durƙuso a ɗaki, ina gaida turmi.

Ranar rufe makaranta ta zo. Hedimasta ya gayyato Kawu Ga-Shi-Babu ya yi wa yara wasa, ya kuma gayyaci dattawan gari, don su ga makarantar boko ba wurin lalacewa ba ce, ko sa ƙara sakin 'ya'yansu. Aka haɗa tebura huɗu a gindin tsamiya aka yi dandamali. Bayan azahar, ina tsaye ina ba da umarnin da babu wanda ya tambaye ni, sai Kawu ya yafito ni cikin wani aji ya tura ƙyaure.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, duk malaman nan kai ne ka fi kwarjini. In abu ya fito daga wurinka, babu yaron da zai yi zargin da haɗin baki."

Kaina ya ƙara girma. (Sai daga baya na gane ba kwarjinina ya gani ba, tsawon hulata ya gani.)

Ya ciro ƙwai daga akwati, ya naɗa ɗan gammo na auduga ya ɗora mini a tsakiyar ka, ya zaunar da ƙwan a kai, ya mayar da darar a hankali. Ya ce a ƙarshen wasa zai ɓatar da wani ƙwai a hannunsa, ya kira ni dandamali, ya ɗaga hulata, yara su ga ƙwai ya yi tsalle ya shige kan malaminsu.

"Abu uku nake roƙo," in ji shi. "Kada ka sunkuya, kada ka cire hular, kada ka faɗa wa kowa. Da wannan nake ci da iyalina, Malam. Amana ce."

Na buga ƙirji na ce ko wuƙa aka sa mini ba zan faɗa ba. Na fito ina tafiya a miƙe kamar mai tallan nono, ina jin kaina wani babba.

Ina fitowa hedimasta ya ce in tsaya bakin hanya in tarbi baƙi. Ban yi minti biyar da tsayuwa ba, sai ga Malam Inuwa da sandarsa da carbinsa, dattawa uku na biye da shi. Wallahi ban taɓa kawo wa raina zai zo ba, mutumin da ko ta ƙofar makarantar ba ya son bi. Ashe ni ya zo gani.

Mai hankali da ya ce a gafarce shi ya zaga bayan aji ya sauke ƙwan. Amma idon yara ɗari da wani abu na kaina, dattawan kuma sun riga sun iso. Na cire takalmi, na fara sauka. Jikina ya yi ƙasa, wuyana ya ƙi bin sa. Na durƙusa a tsugune, baya a miƙe, haɓa a sama, idona ƙyar a cikin idon mutumin da nake neman 'yarsa.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya, Baba?"

Ya tsaya yana kallona. A garinmu ko ɗan da ka haifa ba ya zuba maka ido haka, balle mai neman aure. Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Ka gani ko?" Sannan ya amsa mini da "Lafiya" guda ɗaya, busasshiya, ya wuce.

Na kai su bencin gaba suka zauna. Ina shirin sulalewa, sai carbin Malam Inuwa ya faɗi daidai ƙafata. (Har ya koma ga Allah bai yarda cewa da gangan ya sake shi ba, ni kuma har in bi shi ba zan yarda tsautsayi ne ba.) Na sake tsugunnawa a miƙe, fuskata na kallon reshen tsamiya, hannuna na lalube a ƙasa. Na damƙo tsakuwa. Na damƙo ƙwallon tsamiya. Na damƙo babban yatsan ƙafar wani dattijo, ya yi salati ya janye. Sai a karo na huɗu na samu carbin, na miƙa masa ba tare da na duƙar da kai ko kaɗan ba.

Ya karɓa ya kau da kai. Na koma gefe na tsaya, gumi na bi ta bayan kunnena, zuciyata na gaya mini Hadiza ta tafi.

Aka fara wasa. Kawu ya zaro ƙyallaye daga bakinsa har suka kai ƙasa, ya yanka igiya biyu ya hura mata iska ta koma ɗaya, ya zuba ruwa a hular wani yaro ya kifa masa ba ta jiƙa shi ba. Yara suna ta ihu suna tsalle, har dattawan da suka zo da fuska a murtuke suka fara rufe baki da hannun riga. Ni kaɗai ne ban ga komai ba. Addu'a kawai nake a zo kan ƙwai a sauke mini wannan jaraba.

Can sai ga shi ya ɗaga ƙwai sama. "Ga shi!" Yara suka amsa, "Ga shi!" Na yi ajiyar zuciya, na ce saura ƙiris.

Daidai nan Malam Inuwa ya ɗago sanda ya yafito ni. Ba yadda zan yi, na je na tsugunna gabansa irin tsugunnon nan nawa.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaro, ni ba na ƙin mutum a ɓoye. Ubanka na san shi, mutumin kirki ne mai kunya. Ina ka samo wannan ɗagawar? Ko hular nan ce take ja maka kai sama? Ai ba haka ake sa hula ba, an dasa ta kamar rumbu."

Ya miƙo tafin hannunsa, hannun manomi, ya ɗora a saman darata ya danna.

Daga dandamali Kawu ya ce, "Babu!"

A cikin hulata kuma wani abu ya ce ƙwas.

Na ji sanyi ya bazu a tsakiyar kaina. Ya tsaya jim, kamar yana shawarar ta inda zai bi, sannan ya rabu biyu. Farin ya gangaro ta bayan kunne ya shige wuyan riga, gwaiduwar kuma ta biyo goshi, ta hau karan hanci, ta tsaya a tsini tana lilo.

Malam Inuwa ya janye hannu ya ce, "Subhanallahi! Mene ne wannan?"

Na tuna amana. Na tuna na buga ƙirji. Duk ilimin da na kwaso a makarantar horon malamai ya taru ya ba ni amsa ɗaya.

"Gumi ne, Baba."

"Gumi?"

"Eh, Baba. Rana ta yi zafi."

"Gumi rawaya?" Ya juya ga dattawan. "Jama'a, ku zo ku ga gumin boko."

Wanda na damƙe wa yatsa shi ya fara fashewa da dariya, har da tari. Yaran layin gaba suka waigo, na baya suka hau benci. Gwaiduwar ta gaji da lilo ta ɗiga a kan alƙalumana. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Allah ya jiƙan iyayen Kawu, mutumin nan yana da saurin kai. Ya dafe ƙirji ya ƙwala ihu daga dandamali, "Wayyo ƙwaina! Na aika shi kan malam ya jira ni, Baba ya riga ni isa!" Ya diro ya zo ya ɗaga darar, ga ɓawo manne a gashina. Wurin ya kaure. Yara suka gaskata ɗari bisa ɗari cewa ƙwai ya tashi sama ya shige hulata, don ga shaida tana bin hancina. Ba a taɓa yi masa tafi irin na ranar ba, ni kuma ba a taɓa yi mini dariya irin ta ranar ba.

Da taro ya watse, ina bayan aji ina wanke kai a bakin randa, sai na ji an kama hannuna. Kawu ne. Ya ja ni har wurin Malam Inuwa, wanda ya riga ya kama hanyar gida. Ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa, irin durƙuson da na kasa yi tun azahar.

"Baba, an gaya mini abin da ke tsakaninku da malamin nan. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa faɗa wa kowa sirrin wasana ba, ko matata. Yau zan faɗa maka. Ba tashi ƙwan ya yi ba, ni na sa masa tun kafin ka zo, na hana shi sunkuyawa, na hana shi faɗa. Ya gwammace ya sha kunya a gabanka da ya tona ni. In akwai laifi, nawa ne."

Malam Inuwa ya daɗe yana jan carbi. Ya dubi Kawu, ya dube ni da jiƙaƙƙen kai, a wannan karon a sunkuye har haɓata na taɓa ƙirji. Ya ce, "To, na ji," ya yi gaba abinsa.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba, ban kuma bi ta Tarauni ba, don ko'ina na gifta sai in ji ƙaramar murya daga bayan danga tana cewa, "Malam Gwaiduwa!" Rana ta huɗu baffana ya dawo daga kiran Malam Inuwa, ya zauna a zaure yana ƙoƙarin haɗiye dariya.

"Ya ce a turo magabata. Ya ce yaron yana da riƙon amana. Wayo ne dai babu, amma ba komai, ita Hadiza tana da na mutum biyu."

Haka na sami matata. Ban same ta da alƙalumana ba, ban same ta da karatuna ba, da shaidar rashin wayo na same ta, kuma wani bawan Allah ya sayar da sirrinsa ya saya mini. Shi ya sa duk shekarun da yake fitowa a talabijin ban taɓa faɗa wa 'ya'yana yadda ake yin ko ɗaya daga cikin wasanninsa ba, sai yau da na faɗi wannan, don ya riga ya tafi.

Darasin da na ɗauka kuwa bai da yawa. In ka ga wautarka ta fito fili, ka tsaya a kanta da gaskiya, wataƙila ita ce kaɗai abin kirkin da aka gani a jikinka. Sai dai ka shirya, don ba a yafe ta gaba ɗaya. Shekara fiye da hamsin ke nan, amma ko jiya da safe Hajiya Hadiza ta leƙo daga madafa da ƙwai biyu a hannu ta ce, "Malam, a soya maka ne, ko a hula za ka tafi da su?"