Yadda Na Kare Kwamfutar Yaya Daga Zanzaro

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na ɗauki nauyin kare kwamfutar yayana ba. Na kare ta ƙwarai kuwa, har ta kusa shiɗewa a hannuna.

Ni ba mai magana ba ce. A aji, malami kan yi zango guda bai san muryata ba. A gida kuma Umma takan ce sai an leƙa ɗaki ake sanin ina nan. Amma ina da ido. Nakan ga maɓallin da ya kusa tsinkewa a rigar mutum, nakan ga inda tururuwa ta fara sabon layi a jikin bango. (Wannan ce baiwar da nake alfahari da ita, a zuci kawai, tunda ban taɓa faɗa wa kowa ba.)

Babban wanmu, Yaya Nura, ya gama karatu a Zariya ya dawo gida Kudan, yana zana wa mutane taswirar gini a kwamfuta. Yana da aboki a Makarfi, Yaya Mukhtar, tun makarantar kwana suke tare, kuma shi aka tsayar zai zama babban abokin ango a bikin Yaya da aka sa bayan kaka. Shi Yaya Mukhtar ɗin ne ya zaɓo kayan sabuwar kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko su a mota ya kawo, ya haɗa ta a nan da hannunsa. Wani baƙin akwati ne jibgege, gefensa gilashi, a ciki fankoki suna juyawa da fitilu kala-kala. Yaya ya ce wa Baba ta aiki ce. Duk gidan mun san ta wasan tseren mota ce.

Makon farko ba a cewa komai. Motar da ke allon tana tafiya sumul, har ɗigon ruwan da ke gilashinta ana gani. A kusurwar allon akwai wata 'yar lamba da Yaya yake yawan kallo. Ya ce ita ke nuna saurin hoton, in ta haura ɗari to abu ya yi kyau. Kullum tana sama da haka, shi kuma kullum bakinsa a buɗe.

Sharar ɗakin Yaya aikina ne. Wata safiya ina shara sai na ga zanzaro yana shawagi a gaban akwatin, da 'yar laka a bakinsa. Ya sauka a kan ragar da ta rufe gaban akwatin, ya taka, ya leƙa, kamar mai neman fili.

Sai an san gidanmu za a fahimci abin da na ji. Zanzaro ya taɓa yin gini a cikin rediyon Baba har ta daina magana. Ya taɓa cike wani rami a keken ɗinkin Umma. Tun daga nan, da damina ta faɗi, ba a barin huda a buɗe a gidanmu. Soket ɗin da ba a amfani da shi a liƙe shi da salatif, ramin makulli a cusa masa auduga, bakin butar da aka ajiye a ɗaure shi da tsumma. Ga shi an kawo abin da ya fi komai daraja a gidan, gabansa huda, samansa huda, ƙarƙashinsa huda, kuma babu wanda ya lura sai ni.

Na taɓa ganin Yaya ya ɗaga ragar saman ya kaɗe ta ya mayar, don haka na san maganaɗisu ne ke riƙe da ita. Ranar da suka tafi gonar rake da Baba, na ɗebo baƙaƙen ledoji daga cikin waɗanda Umma ke ninkewa tana tarawa. Na ɗauko rula da almakashi. Na auna, na yanka daidai wa daida, na shimfiɗa leda a ƙarƙashin kowace raga, na bi gefen da baƙin salatif, na mayar da ragar a kai. Sama, gaba, ƙasa. Ta baya kawai na bari, don na taɓa sa hannu na ji iska fita take yi ta nan, na ce zanzaro ba zai iya kutsawa ba. Da na ja baya na duba, ni kaina ban ga alamar an taɓa komai ba. Baƙi a kan baƙi.

Ban gaya wa kowa ba. Ba ɓoyewa na yi ba. Aikin alheri ba a yi masa shela, kuma faɗar na bukatar in buɗe baki.

Washegari Yaya ya kunna wasansa. Da farko lafiya lau. Can sai fankokin suka ɗauki gurnani kamar injin niƙa, lambar kusurwa ta dinga sauka har ta koma ashirin da wani abu, motar ta fara tafiya tana tsayawa kamar akuya mai ɗingishi.

"Wutar sola ce ta yi rauni," in ji Yaya. Ya aro janareta a maƙwabta. Babu canji. Ya sauya wayar da ta haɗa akwatin da allo. Ya duba ko a ramin da ya dace ya soka ta. Ya je gindin mangwaron ƙofar gida, inda sabis ya fi ƙarfi, ya sauke sababbin manhajoji da wayarsa har datarsa ta ƙare. Ya rage kyan hoton har bishiyoyin wasan suka koma kamar an yanko su a kwali. Ya ma goge wasan ya sake sa shi. Kullum labarin ɗaya ne: ta fara da kyau, ta ɗau zafi, ta rarrafa. Har ya haska fitilar waya ta cikin gilashin, ya ce, "Ikon Allah, ciki fes, ko ƙura babu."

Ina tsaye da tsintsiya na ji wani daɗi ya ratsa ni. (Ban haɗa wannan da wancan ba, ko kusa. A tunanina na'ura wuta take ci. Ban san tana numfashi ba.)

Daga nan Yaya ya karanto a intanet cewa akwai masu wanke tsohon katin hoto, wato ɓangaren da ke zana wasan a allo, su sayar a matsayin sabo. Ya fara tsaki shi kaɗai. A nan ne idona ya sake taimakawa. Na tuna ranar da aka kawo kayan na ga an yanka salatif ɗin kwalin katin an sake liƙewa. Na raɗa wa Umma, Umma ta faɗa wa Yaya, Yaya ya ɗauki waya.

Daga tsakar gida muna jin sa. "Ni za ka yi wa haka, Mukhtar? In tsoho ka samo ai sai ka faɗa mini!" Aka yi shiru, sai kuma, "To, kada Allah ya sa ka zo bikin!"

Baba yana alwala ya ji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce abotar da aka ci tuwo ɗaya a kanta ba a yanke ta a waya, a kira yaron ya zo, a kunna abin a gabansa.

Yaya Mukhtar ya iso bayan azahar a kan babur, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya durƙusa ya gaida Baba, aka tambayi mutanen Makarfi, aka tambayi ruwa, aka tambayi masara, aka tambayi jikin mahaifiyarsa. Yaya kuwa ko hannu bai ba shi ba. Suka shiga ɗakin su uku, Umma ta ɗora mini tire da ruwa da dafaffiyar gyaɗa ta ce in kai.

Na tarar an kunna wasan, fankoki na ta kuka. Yaya Mukhtar ya buɗe wani shafi da ke nuna zafin kowane ɓangare, lambobin duk sun yi ja.

"Ka gani? Zafi ne," ya ce. "In ta ji za ta ƙone, da kanta take rage gudu."

"Sabon kati ne zai yi wannan zafin?" in ji Yaya. "Malam, ka daina raina mini hankali."

"Wallahi sabo ne. Iska ce ba ta shiga. Wa ya sani ma ko zanzaro ne ya yi gini a wani lungu? Ka san garin naku."

Da ya ce ƙura, ko ɓera, ko aljani, da na ajiye tire na fita kamar kullum. Amma zanzaro ya ce. Aikina ya taɓa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Zanzaro bai shiga ba."

Duk suka juyo. Ina jin Baba ma ya daɗe bai ji na yi jimla guda a gaban baƙo ba.

"Ya kika sani, 'yar Baba?" ya tambaya.

"Na toshe ko'ina," na ce. Kuma (wannan ne ya fi ci mini rai har yau) murmushi nake yi. Na ɗan sunkuyar da kai ma, irin na mai jiran a yaba masa.

Yaya Mukhtar ya dube ni, ya dubi akwatin. Ya sa farce ya ɗaga ragar sama. Ga ledata nan a shimfiɗe, ta yi laushi don zafi. Ya ɓanɓare ta a hankali. Ya cire ta gaba. Ya kwantar da akwatin ya zaro ta ƙasa. Ya jera su uku a kan tabarma. Ba a jima ba kukan fankokin ya lafa, jajayen lambobin suka fara sauka, motar da ke allon ta miƙe da gudu kamar ba ita ba.

Ni dai ina kallon wani ɗan zare da ya fito a bakin hular Baba, don in ban kalli wani abu ba zan iya narkewa.

"Amma fa aikin ya yi kyau," in ji Yaya Mukhtar, yana ɗaga leda ɗaya yana dubawa. "Nura, dubi yankan nan. Ko karkacewa babu. Da rula kika yi, ƙanwata?"

Na gyaɗa kai.

"Na rantse na sani."

Baba ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar ya ce, "To, ita dai abin da aka koya mata ta yi."

Yaya ya share gumi. "To, kwalin katin fa? An ce an buɗe shi."

"Ni na buɗe mana! In kawo maka kaya ban gwada ba? Wane ne ma ya ce maka an buɗe?"

Yaya ya juyo da kansa a hankali ya dube ni. Yaya Mukhtar ya bi idonsa, shi ma ya dube ni, sai ya faɗi a kan katifa yana dariya yana buga ƙafa. "Ita ce dai? Ita ta shaƙe mara lafiya, ita ta kamo wanda ake zargi!"

Na ajiye tiren da na manta yana hannuna, na fita. A bakin ƙofa na ji Yaya yana cewa, "Mukhtar, don Allah ka yi haƙuri," shi kuma yana cewa, "Ni bar ni, kwamfutar za ka ba haƙuri, ita ta sha wuya." Ranar a ɗakin Umma na wuni, fuskata a bango.

An yi bikin bayan kaka, Yaya Mukhtar ne babban aboki. A gaban 'yan'uwan amarya da suka zo daga Ikara ya nuna ni ya ce, "Ga Injiniyarmu nan, in kuna da abin da ke aiki lafiya ku kawo mata." Sunan ya bi ni har makaranta.

Abin da na koya shi ne, ganin abu daban, gane shi daban, kuma kafin ka yi wa mutum alheri a ɓoye, gara ka tambaye shi ko yana so. Yanzu in na ga huda a jikin na'ura, nakan ɗauka wanda ya ƙera ta ya san da ita.

Zanzaron kuwa bai yi asara ba. Da hutu ya ƙare na jawo takalmina na makaranta daga ƙarƙashin gado, na tarar ya gina gidansa a ciki, ɗaki biyu. Shi kaɗai ne ban tuna na toshe ba.