Famfon Mai da Jirgin Hajiya

Ranar da na sa wa motata mai injin turbo babban famfon mai, da hannuna na murɗe regiletar da ke daidaita man har ƙarshe. A lissafina, yawan mai shi ne gudu. Washegari surukata za ta Umara, na hana a kira tasi, na ce ni zan kai ta filin jirgi.

"Hajiya, kafin ku gama addu'ar tafiya mun isa," na ce.

Muna wuce unguwar Lugbe motar ta ƙware da mai, ta yi tari, ta turnuƙe mu da baƙin hayaƙi, ta mutu. Hajiya ta toshe hanci da mayafi. A akori-kurar masu tukwane ta ƙarasa, da ƙyar ta samu jirgi.

Har yau in na ce zan rage wa ƙannen matata hanya, sai su ce, "Mun gode Yaya, sauri muke."