Gimbiya da Shuɗin Yatsuna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a asibitin dabbobi na Funtua, a gaban jama'a, ina neman inda zan ɓoye hannuwana.

A farkon shekarun tamanin ne, ina noman masara da auduga a wani ƙauye ta wajen Danja. Kawun matata Saratu, wanda yake yi wa wani Bature kuku a Funtua, ya kawo mana 'yar kwikwiya mai dogayen kunnuwa, irin karnukan gidan Turawa. Na sa mata suna Gimbiya. Tun ba ta iya haushi ba na fara rabon 'ya'yanta. Na yi wa dattijon majami'armu alkawarin ɗaya, na yi wa Alhaji Sule mai injin niƙa alkawarin biyu saboda ɓarayin awakinsa. (In da za a tara alkawuran da na yi, sai ta haihu sau huɗu kafin in fita kunya.)

Da ta fara tasawa sai muka lura da wani ɗan jan nama yana leƙowa ta gabanta. Kullum tana lasarsa, in za ta yi fitsari kuma sai ta riƙa ƙugi. Na duba da idon masani, na yanke hukunci: tsiro ne. Na samo zare na ɗaure shi tam, yadda na ga ana yi wa tsiron fata don ya bushe ya faɗi, na bi shi da shuɗin maganin nan na gyambo. Gimbiya ta wuni tana kuka a ƙarƙashin rumbu. Saratu na dawowa daga rafi ta ɗauko reza ta yanke zaren.

Magana ta bazu. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce wa Saratu, “Maman Bitrus, wannan ba abin ajewa a gida ba ne. Ku kai ta daji ku yar, kada ta jawo muku wani abu.” Ni kam har zuciyata ta fara rawa. Saratu ta ce, “Abin da ya ci tuwo a gidana ba a yar da shi. Maigida, gobe ka tayar da babur, Funtua za mu.”

Haka muka tafi, ni a gaba, ita a baya da kwali a cinya, kunnuwan Gimbiya suna kaɗawa a iska.

Mun tarar da Fulani da 'yan maruƙansu, da masu kaji, ga kuma Alhaji Sule ya kawo tunkiya. Likitar mace ce, matashiya, an ce daga Zariya ta gama karatu. Ta ɗora Gimbiya a kan tebur a baranda, ta shafa kanta har ta daina rawar jiki, sannan ta duba. Sai na ga fuskarta ta canza.

“Wa ya ɗaure nan da zare?”

Bakina ya riga hankalina. Na ce, “Ai kin san yara, Dakta. Ba sa jin magana.” (Bitrus ɗinmu a lokacin ko rarrafe bai iya ba.)

Ta dubi shuɗin da ke jikin Gimbiya, ta dubi yatsuna, waɗanda sabulu da toka suka kasa wankewa. Duk wanda ke barandar ya bi idonta da kallo. Na cusa hannuwa a aljihu, sai na tuna rigar ranar ba ta da aljihu.

Saratu ce ta cece ni. Ta ce, “Wanda ya ɗaura, tausayi ne ya sa shi, Dakta. An kwance da wuri.”

“To, an gode wa wanda ya kwance,” in ji likita. “Da ya daɗe, da wurin ya ruɓe, fitsari ma ya gagara.”

Sai ta rage murya don ta rufa mini asiri, ta ce ba tsiro ba ne, halitta ce. Gimbiya mata-maza ce: a waje siffar mace, amma ga alama a cikinta akwai 'ya'yan maraina na namiji, su ne suka sa wannan naman ya girma. Ni kuwa, maimakon in karɓi rufin asirin, sai na ɗaga murya:

“To yaushe za ta haihu ke nan?”

Wani Bafulatani ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Alhaji Sule ya ce, “Malam Yakubu, wato 'ya'yan nawa biyu sai dai a lahira?”

Abin da ya sa har yau nake ganin girman likitar nan shi ne ba ta yi dariyar ba. Ta juya ga Bafulatanin ta ce, “Baffa, ba ka taɓa ganin irin wannan a awaki ba?” Ya gyara tsayuwa ya ce ya gani, har a garkensa. Ta ce, “To haka yake a karnuka. Ba maita ba ce, ba laifin kowa ba ne, ikon Allah ne.” Nan take dariya ta koma tambayoyi.

Ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. A riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi, a shafa basilin don kada ya bushe ya tsage. In fitsari ya yi mata wuya, ko aka ga jini ko ruwa mai wari, a zo ba jira. Kada a kai ta barbara. Kuma in ta ƙara ƙwari a dawo da ita a yi mata aiki a cire abin da ke cikin, don yana iya zama ciwo in an bar shi. Tana magana tana kallon Saratu, kuma ban ga laifinta ba.

Da kaka muka koma aka yi aikin. Saratu ta ɗinka mata 'yar riga da tsohon zaninta don kada ta lashi ɗinkin, ta yi jinyarta kamar ɗan mutum. Gimbiya ta warke ta zama ƙatuwa. Ta tsufa a gidanmu, kuma muddin tana raye biri bai ƙara karya mana masara ba. Alhaji Sule da kansa yakan aiko a ba shi aronta.

Ni dai tun daga ranar na ajiye aikin likita. Kuma in har ƙarya ta kama ni dole, nakan fara duba hannuwana tukuna.