Barcina a Kujerar Baba Lamidi

Ba zan taɓa mantawa ba (ko na so in manta ma, 'yan kasuwarmu ta Bukuru ba za su bar ni ba) da ranar da muka yi wa Baba Lamidi walimar ban-kwana. Baba Lamidi shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu sayar da kayan gini tun kafin in buɗe shago. Bayerabe ne, amma a nan Jos aka haife shi, Hausar bakinsa kuwa ta fi ta wasunmu daɗin ji. Da ƙafafu suka fara gaza masa ya ce zai sauka, sai ƙungiya ta yanke shawarar a karrama shi, a kuma zaɓi sababbin shugabanni a rana guda. Ni a lokacin mataimakin sakatare ne, kuma in dai gaskiya za a faɗa, na daɗe ina kallon muƙamin sakataren da wutsiyar ido.

Mu dai tun asali a rumfa muke taro. A kafa tamfol a bakin kasuwa, a jera fararen kujerun roba, janareto yana gefe yana tari. Ruwan Jos kuma ba ya sallama. Kana tsakiyar jawabi sai ka ga manyan baƙi sun kifa kujeru a ka, sun nufi shagon da ya fi kusa.

Sai ga sababbin ɗakunan taro sun fara tsirowa a gari. Daga Bukuru zuwa Rayfield, duk kwanar da ka sha sai ka ga wani gini mai gilashi da fitilu, da sunan Turanci mai daɗin faɗa. Ɗaya daga cikinsu ni na kai musu tayil lokacin da ake gini, a bakin wani tsohon tafkin kuza. Da aka gama, manajar wurin, wata mata mai fara'a da ake kira Madam Kangyang, ta ce in zo in ga inda kayana suka kwana.

Na je da niyyar leƙawa in dawo shago, sai ga ni har la'asar. Tayil ɗin da na sauke da hannuna cikin ƙura ya koma kamar ruwa kwance, kana tafiya kana ganin fitilun sama a ƙarƙashin ƙafarka. Babu ƙarar janareto, babu ƙuda. Ta gefe guda bangon gilashi ne zalla, kana hangen tafkin, kore shar, da duwatsun da suka hau kan juna a bayansa. Madam ta danna wani abu a hannunta, wani jan labule ya rabu biyu da kansa, a hankali, kamar mai jin kunya. A bayansa ga dandamali, ga wata kujera mai ruwan zinare. Ta sake dannawa, farin hayaƙi mara wari ya fara malalowa daga ƙasa, ya lulluɓe ƙafafun kujerar har ta zama kamar a kan gajimare take.

"Amare muke fitarwa da shi," in ji ta.

Na yi mata sallama na koma shago. Amma tun daga ranar, ko buhun siminti nake ɗaga wa kwastoma, labulen nan nake gani yana buɗewa.

Da na kawo maganar a kwamiti, Oga Emeka ne ya fara taso mini. Shi ne ma'ajinmu, mai sayar da kwanon rufi, mutum ne mai kirki amma bakinsa ba ya da birki. Ya ce, "Sakatare, wannan wuri na bikin aure ne fa. Baba amarya ne?" (Sakatare suke kirana duk da mataimaki nake, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.) Na miƙe na yi jawabin da ban san ina da shi a ciki ba. Na ce mu da muke sayar wa garin nan kayan da yake gina zamani da su, har yaushe za mu riƙa taro ruwa yana korarmu? Na ce dattijon da ya ba mu ƙuruciyarsa ya cancanci rana ɗaya da zai zauna kamar sarki. Na ce in abin bai yi kyau ba, a ɗora a wuyana. Aka yarda. Aka kuwa ɗora.

Tsarin da na yi kuwa, ko a yau ina ganin tsari ne mai kyau. Baba ba zai shigo ta babbar ƙofa ba. Zai zo ta ƙofar baya, ya buga mini waya in buɗe masa, in yafa masa alkyabbar da muka ɗinka, wadda aka rubuta UBAN KASUWA a ƙirjinta, in zaunar da shi a bayan labule. Da an gama addu'ar buɗe taro, ta Musulmi da ta Kirista kamar yadda muka saba, Oga Emeka zai karanta kalaman yabon da na rubuta da kaina, a rage fitilu, a saki hayaƙi, labule ya buɗe. Madam ta tambaye ni ko ta riƙa leƙowa baya kafin ta danna. Na ce mata, "Madam, kada ki wahalar da kanki. Ina can. Da kin ji Oga Emeka ya ce ga shi nan, ki danna kawai." Na kuma kafa doka cewa kowa ya kashe ƙarar wayarsa, na fara da tawa don in zama abin koyi.

Ranar taro tun da asuba nake tsaye. Na je mahautar Abattoir na ga naman da idona, na koma wajen masu girki, na dawo na sa aka sake jera tebura. An yi ruwa da hantsi, ya tsagaita, ya bar yayyafi. Matata Hadiza ta zo da wuri ta kawo mini masa da miyar taushe a kula, ta ce, "Abban Ummi, ka ci wani abu, idonka duk ya faɗa." Na ci. Na ci sosai ma. Sannan na zagaya bayan labule, na kulle ƙofar baya don kada wani ya leƙo ya ɓata mana shiri, na tsaya jiran Baba.

Wurin shiru, duhu-duhu. Hayaniyar masu shigowa tana zuwa mini daga can gaba kamar daga ƙarƙashin ruwa. Akwai wata 'yar taga da ke kallon tafki, hazon bayan ruwa ya sauko ya kwanta a kansa, duwatsun suna ɓacewa suna dawowa. Sabon takalmina ya matse ni, na cire. Na'urar sanyaya ɗaki tana hurawa, kuma wanda ya san Jos da damina ya san ba ma bukatar taimakon na'ura wajen jin sanyi, don haka na ɗauki alkyabbar Baba na yafa, wai kafin ya iso. Sai na ce ai ya kamata a gwada kujerar nan, kada a zaunar da dattijo a kan abin da ke girgiɗi.

Ba ta girgiɗi. Wallahi ban taɓa zama a kan abu mai laushinta ba.

Sai na ga taga ta faɗaɗa, na fita ta cikinta. Ina tafiya a kan tafkin, ƙafata ba ta jiƙa, hazo yana buɗe mini hanya. Duwatsun nan suka zama tebura masu fararen mayafai, mutane sun cika su, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Na ga mahaifiyata a sahun gaba da kallabinta na zuwa biki, tana nuna ni tana ce wa ta kusa da ita ɗana ne. Ɗakin taron nawa ne, tafkin nawa ne, fitilun suna saukowa ɗaya bayan ɗaya suna zama a kan ruwa kamar agwagi. Daga sama wata murya tana magana a kaina. Tana cewa wannan mutum uba ne ga kowa. Tana cewa bai taɓa bambanta na masallaci da na coci ba. Na gyaɗa kai, don na ji maganar ta yi daidai da ni ƙwarai (ba mamaki, ni na rubuta ta). Muryar ta ɗaga: "Mutumin da ba ya runtsawa idan ɗan kasuwa yana cikin damuwa! Mutumin da idonsa kullum yake buɗe a kanmu! Jama'a, ga shi nan!"

Abin da jama'a suka gani, daga baya na kalla a bidiyo, don babu wanda bai turo mini ba. Labule ya rabu a hankali. Hayaƙi yana malala. Kowa ya miƙe yana tafi. Ga ni a kujerar zinare, kaina ya karkata, hula ta rufe ido ɗaya, baki a buɗe, UBAN KASUWA a ƙirjina, babban yatsan ƙafata ya leƙo ta hujin safa. Makirfon da aka ajiye wa Baba a hannun kujera kuwa yana aikinsa tsakani da Allah, yana kai minsharina kowace kusurwa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce gajiya ce. Amma hasken da ya dalle mini fuska ya sa na buɗe ido, na ga gajimare a ƙafata, ga fitilu, ga jama'a a tsaye. Duk abin da na bari a can, ga shi a nan. Me zai sa in yi zaton na farka? Na miƙe a hankali, na gyara alkyabba, na ɗaga hannu biyu, na yi murmushin da ban taɓa yi wa kowa ba, na ce cikin makirfo, "Na gode, na gode. Ku zauna, ku zauna."

Wasu fa har sun zauna.

Sai ga muryar Oga Emeka. "Sakatare," ya ce, "kai ne ya yi ritaya?"

Ban san ɗaki yana iya ɗaukar dariya mai yawan wannan ba. Wani ya faɗo daga kujera. Masu raba abinci suka ajiye tire suka dafa bango. Na nemi mahaifiyata a sahun gaba, sai na ga Hadiza, ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, kafaɗunta suna rawa (har yau ta ce kuka take yi, ni kuma ban yarda ba). Sannan ne na hango shi, can baya kusa da babbar ƙofa. Baba Lamidi, da sandarsa, kafaɗun babbar rigarsa sun jiƙe. Ashe ya zo ƙofar baya a kan lokaci, ya yi ta buga mini waya, ya yi ta ƙwanƙwasawa cikin yayyafi, da ya gaji ya zagayo ya shigo kamar kowa, ya tsaya a baya yana sauraron yabonsa.

Nan dariyar ta fita daga kunnena. Dattijon da na ce zan zaunar kamar sarki, ni na bar shi a waje ruwa yana dukansa. Na so tayil ɗin nan ya zama ruwan gaske in nutse.

Ya taho a hankali ta tsakiyar jama'a, ana buɗe masa hanya, dariya tana lafawa. Ya hau dandamali da ƙyar. Na durƙusa ina ƙoƙarin cire alkyabba, igiyarta ta sarƙe a wuyana. Na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, wallahi gwadawa na yi."

Ya karɓi makirfo ya dube ni, ya dubi jama'a. Ya ce, "Ku bar ɗana. Ni na hau kujerar shugabancinku tun gashina yana baƙi, ban taɓa samun barci a kanta ba. Shi daga hawa ya samu. Ku ce Allah ya ba shi lafiya." Aka sake fashewa, amma wannan karon da tafi. Ya zauna, na yafa masa alkyabbar, ya riƙo hannuna ya ce a hankali, "Tsaya nan kusa da ni. In ka ga na fara gyangyaɗi, ka taɓa ni."

Haka na tsaya a gefensa har aka tashi, da safa, don takalmina yana can bayan kujera kuma ban da ƙarfin halin sunkuyawa in ɗauko. Duk hoton da aka ɗauka ranar ina ciki.

Da aka zo zaɓe, wani ya tsayar da ni takarar sakatare, ban sani ba ko don ƙauna ko don a ƙara dariya. Na sha ƙasa. Aka bar ni a mataimaki, Oga Emeka ya ce in riƙe "har sai ka farka". Abin mamaki, kowa ya yaba wurin. Tun daga lokacin a can muke babban taronmu na shekara, wasu daga cikinmu ma a can suka aurar da 'ya'yansu, ba wanda ke tuna ni na kawo shawarar. Abin da ake tunawa daban ne. Har yau in na ratsa layin masu fenti, sai wani ya ɗaga hannu biyu daga cikin shago ya ce, "Ku zauna, ku zauna!" Madam Kangyang kuwa, an ce yanzu ko gwamna ne a bayan labule sai ta leƙa kafin ta danna.

Ni dai abin da na tsira da shi bai da yawa, amma ina riƙe da shi. Duk ranar da na ji ana yabona babu ko "amma" guda a ciki, jama'a kuma sun miƙe tsaye saboda ni, ba na saurin ɗaga hannu. Nakan fara mintsinin cinyata tukuna.